Amsa ga mai son shiga aikin ɗan sanda bayan bak

Ƙanena, ka ce ka samu bak, wato takardar gama sakandare, a nan Damagaram, kana tambaya ko sai ka karanta shari'a a jami'a kafin ka shiga aikin ɗan sanda ko jandarma. A'a, ba dole ba ne. A Nijar kwankur, wato jarrabawar gasa ta ɗaukar aiki, shi ne ƙofar shiga, kuma ko mai lisans, wato digirin farko, sai ya zauna shi, ya wuce gwajin lafiya da na gudu, sannan a ba shi horo. Makarantar ƴan sanda ta ƙasa tana Yamai. Abin da takardar jami'a take yi maka shi ne ta ba ka damar neman kwankur na babban muƙami, maimakon ka faro daga ƙasa.

Ni dai da ni ne kai, in gida za su iya ɗaukar nauyin shekara 3, sai in tafi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko jami'ar garin Tawa in yi lisans a shari'a. Na shekara da yawa a komisariya, wato ofishin ƴan sanda, kuma inda na ga sababbi suna tuntuɓe ba wajen kama ɓarawo ba ne, wajen rubuta bayanin bincike ne. Ka tsare mutum ya wuce awa 48 ba izinin mai gabatar da ƙara, ko ka rubuta Faransanci a karkace, lauya ya wargaza maka aikin wata guda a gaban alƙali. Sharaɗi ɗaya: kowane kwankur yana da iyakar shekaru, don haka ka karanta sanarwar bana tun kafin ka ɗaure kayanka.