Shirin hawa Jabalun Nur zuwa Kogon Hira

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce za ka Umra kuma kana so ka hau Jabalun Nur ka ga Kogon Hira, kana tambayar irin shirin da ya kamata. Allah ya kai ka lafiya.

Shirin daga gida yake farawa, tun da saura wata guda. Tsayin dutsen ya kai kusan mita 640, matakalarsa ta haura 1,000, kuma ba kai ɗaya suke ba, wata gajera, wata sai ka ɗaga ƙafa sosai. Mai ƙarfi kan kai sama cikin awa ɗaya, mai hutawa a hanya kusan biyu. Ka riƙa hawa bene kullum kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In a Kano kake, Dutsen Dala ya isa wurin gwaji, ka hau ka sauko ka sake hawa.

Saukowar ce mutane ba sa lissafi da ita. Ni a hawa numfashi ne kawai ya dame ni, amma da na juyo sai gwiwoyina suka kama rawa, don duk nauyin jiki a kansu yake sauka. Na ga dattawa zaune a tsakiyar hanya, sun kasa gaba sun kasa baya, abin tausayi. Ka tanadi ƙarfin dawowa, ka sauko a hankali, in ka samu sanda ka riƙe.

Kada ka hau ranar da ka yi ɗawafi da sa'ayi, bari ƙafa ta huta. Ka tafi bayan Isha'i ko kafin Asuba, domin zafin Makka da rana yakan wuce digiri 40, kuma inuwa kaɗan ce. Ka sa kambas, ban da silifas. Ruwa gora biyu da ɗan dabino, a jakar goyo, saboda akwai birai masu fizge leda daga hannu.

Daga sama za ka hango Makka shimfiɗe, har da dogon benen agogon da ke jikin Harami. Kogon yana ɗan ƙasa da ƙololuwar, ta wani matsattsen lungu tsakanin duwatsu, kuma akwai turereniya, sai da haƙuri. A nan aka saukar wa Annabi (SAW) ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ.

Hawan ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra. In kana da hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon gwiwa, ka fara ganin likita kafin ka yanke shawara.