Tambayoyinku: Wa Ke Samun Minha a Jami'o'in Saudiyya?

Wata uwa daga Misfala, Makka: Assalamu alaikum. A nan aka haifi ɗana, a nan ya gama sakandare, amma fasfon Najeriya muke riƙe da shi. Maƙwabta sun ce gwamnati na ɗaukar nauyin ɗalibai har da kuɗin wata. Shi ma yana ciki?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Maƙwabtanki ba su yi ƙarya ba, sai dai sun haɗa abu biyu wuri guda. Minha, wato tallafin karatu, iri biyu ce ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Akwai ta waje, wadda ake ba ɗalibin da zai taso daga ƙasarsu, akwai kuma ta cikin gida, minha dakhiliyya, ta mazauna ƙasar da ke da igama, wato takardar izinin zama. Ɗanki ta biyun zai nema. Haihuwa a Makka ba ta mai da shi ɗan ƙasa a wurin jami'a.

Ki fara da igama. Dole ta kasance da rai lokacin da ake cike takardu. Idan ta kusa mutuwa a sabunta ta tun kafin a buɗe rajista, don ƙofar ba ta daɗewa a buɗe, kuma ba a jiran kowa ya gama da Jawazat, hukumar fasfo da igama. Sai shekaru: kada ya gaza 17, kada ya wuce 25. Sannan kada ya zama an taɓa korarsa daga wata jami'ar ƙasar.

Inda aka fi faɗuwa kuwa shi ne maki. Iyaye kan riƙe takardar sakandare mai 95 suna murna, alhali jami'a ba ita kaɗai take dubawa ba. Akwai jarrabawar Ƙudurat da ta Tahsili, waɗanda cibiyar Ƙiyas ke shiryawa. A fannonin kimiyya wani rabon da aka saba gani shi ne kashi 30 na sakandare, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili. Mu ɗauka yaro ya ci 95, da 70, da 65: jimlarsa 75.5 ke nan. Wani da ya ci 88, da 85, da 85 zai tashi da 85.9, ya wuce shi nesa ba kusa ba. Kowace jami'a da nata rabon, saboda haka a duba na Jami'ar Ummul Ƙura da ke Makka daban, na Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda daban. Ana iya sake zama Ƙudurat don ɗaga maki, kuma a ganinmu nan ya kamata ƙarfin yaron ya tafi. Kujerun baƙi kaɗan ne, masu nema kuma dubu.

Game da kuɗin wata, kada ki gina tsarin gida a kansu. Minhar cikin gida galibi kujera ce ta karatu kyauta, alawus ɗin kuwa ba a ɗauke shi tabbas ba sai an gan shi a rubuce cikin sharuɗɗan jami'ar. Fannin likitanci da dangoginsa ma yawanci ba a buɗe su ga wannan rukuni.

Wani mai karatu daga Jidda: Matata 'yar Saudiyya ce, ni ɗan Nijar ne. 'Yarmu minha za ta nema?

A'a, Malam. 'Ya'yan mace 'yar ƙasa ana yi musu mu'amalar 'yan ƙasa a harkar karatu, don haka ta bi layin da ƙawayenta Saudawa ke bi. A tanadi katin shaidar mahaifiyar da takardar haihuwar yarinyar. Wanda ya yi kuskuren shiga layin baƙi ya jefa kansa cikin cunkoson da ba nasa ba.

Wani magidanci daga Madina: Ƙanena yana Kano, ya gama sakandare, ina so ya zo Jami'ar Musulunci. Zan iya kai takardunsa da hannu tunda ina kusa?

Ɗan'uwa, kusancinka ba zai ƙara masa komai ba. Ta intanet ake nema, a dandalin Study in Saudi na Ma'aikatar Ilimi, kuma neman minha ba saye ake yi ba. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo kujera, a riƙe aljihu.

Abin da zai tanada: fasfo mai sauran kwana, takardar kammala sakandare da hukumomi suka tantance, shaidar 'yan sanda cewa ba shi da laifi, takardar likita, da wasiƙar tazkiyya, wato shaidar kyawun hali, daga malami ko cibiyar da aka sani. Takardar da ba da Larabci take ba, a bi abin da jami'ar ta ce game da fassara. Kuma kada ya kasance ya riga ya ci wata minhar a Saudiyya. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ta daɗe tana sharɗanta kada takardar sakandare ta wuce shekara biyar, don haka jinkiri ba alheri ba ne.

Abu biyu ke kashe takardun 'yan uwanmu. Na farko suna: fasfo ya ce Muhammad Sani Abubakar, takardar makaranta ta ce Sani Garba. Mu mun san Garba shi ne Abubakar, ma'aikacin da ke dubawa bai sani ba, mutum biyu yake gani. A gyara tun a gida. Na biyu shekaru. Iyakar digirin farko 25, na biyu 30, digirin digirgir 35. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, wato mutum na cika 25 a Hijira wajen wata tara kafin ya cika a ɗaya kalandar. Wanda ke bakin iyaka ya lissafa ta duka biyun.

Idan ya samu cikakkiyar minha, akwai masauki, magani, tikitin jirgi da alawus na wata.

Wani ɗalibi daga Makka: Wata biyu ke nan mukafa'ata, wato alawus ɗina na wata, ba ta shigo ba, abokaina kuwa sun samu. Me ya faru?

Buɗe shafinka na jami'a ka dubi mu'addal ɗinka, wato matsakaicin makinka, kafin ka zargi banki. Idan ya sauka ƙasa da 2 cikin 5, ko abin da ya yi daidai da haka a jami'ar da ke lissafi da 4, an ba ka inzari, wato gargaɗi, kuma alawus yana tsayawa har sai ka ɗago. Yana tsayawa kuma idan ka ɗage zango, ko ka janye daga shi, ko ka wuce shekarun da aka ɗibar wa karatunka. Sau da yawa fashi ne tushen abin: wanda halartarsa ta gaza kashi 75 a wani darasi ana haramta masa jarrabawar ƙarshe, darasin ya zama faɗuwa, ya ja mu'addal ƙasa. Inzari uku a jere kuwa kan kai ga kora. Idan makinka lafiya lau ne, duba igamarka da lambar asusun banki (IBAN) da ka ba jami'a, don asusun da aka daskarar saboda igama ta mutu yakan hana kuɗi isa hannunka. Daga nan ka je ofishin harkokin ɗalibai da katinka.