Zomona yana cin kwali, in hana shi?

Malama, kin ce zomonki ya dage da gwaguyar kwalin taliya, kina tsoron ya cutu. Kada ki hana shi. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, na gaba kan ƙaru da kusan milimita 2 a mako, haka ma ɓeran Masar. In bai samu abin gwaguya ba, ƙafar kujera da wayar caja ne za su sha.

Ki ba shi kwali mai ruwan ƙasa, marar sheƙi, bayan kin cire salatif da ƙananan ƙarafan da aka ɗinke shi da su. Kwalin sabulu, na maganin sauro ko wanda mai ya jiƙa, ki jefar. Ni nakan huda ƙofa biyu a jikin kwalin in cusa busasshiyar ciyawa, ya wuni yana tono. Ƙofa ɗaya ba ya sakin jiki da ita.

Amma kwali abin wasa ne, ciyawa ce ke goge haƙoran ciki. Ki lura ko yaga yake yana zubarwa ko haɗiyewa yake, don zomo ba ya amai, kwali mai yawa na iya toshe masa hanji. In ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, ki garzaya wurin likitan dabbobi.