Hukuncin ji wa ɓera ciwo don gwada maganin itatuwa

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗaliba ce a Gusau. An ba ni aikin gwada ruwan bagaruwa da na ganyen lalle a kan ɓeraye. Mukan aske musu baya, mu yanke fata kamar faɗin kwabo, mu shafa magani, muna auna mikin har kwana 21. Wasu ma ba a sa musu komai, don a kwatanta. Raina ya kasa kwanciya. Ina da zunubi?

Amsa: Bismillah. 'Yata, aikin nan ya halatta, amma da sharaɗi.

Neman maganin rauni abu ne mai asali. A Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, da jini ya ƙi tsayawa a fuskar Annabi (SAW), Nana Faɗima ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar, jinin ya tsaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito. An kuma ruwaito cewa yakan sa lalle a kan miki. Allah ya ce a Baƙara, aya ta 29, ya halitta mana duk abin da ke cikin ƙasa. Tunda aka halatta yanka rago don ci, yi wa ɓera ɗan rauni don ceton ƙafar mai gyambo ya fi cancanta.

Inda nake jin tsoro shi ne azabtarwa. Na san za a ce ɓera yana cikin waɗanda aka yarda a kashe. Haka ne, sai dai izinin kisa daban, izinin gallazawa daban. Annabi ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har wajen yanka. Don haka kada reza ta taɓa shi sai allurar barci ta kama shi sosai. Kada ki yanka goma inda biyar za su wadatar. Ki tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Ranar Asabar da Lahadi ma sai an leƙa kejin nan an zuba ruwa da abinci.

Waɗanda ba a sa wa magani ba babu laifi, da su ake gane ko bagaruwar ce ta yi aiki. Amma idan ciwon ɗayansu ya ruɓe ya fara wari, a yi masa magani ko a hutar da shi nan take, ko da lissafinki zai ɓaci.

Abin da ya warkar da ɓera bai zama maganin mutum ba tukuna. Ɗura shi a kwalba a kai kasuwa kafin a gwada a kan mutane algus ne, haramun ne.

Wallahu a'alam.