Tambayi Likita: Fukushima, tururin nukiliya da lafiyar jama'a

Jama'a, assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon sun karkata ne zuwa Japan, don haka bari in ɗan tuna mana abin da ya faru. Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta afka wa arewa maso gabashin ƙasar, igiyar tsunami ta biyo baya, mutum kusan 18,000 suka rasu ko suka ɓace. A tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi ruwan ya tsallake katanga ya nutsar da janaretocin ko-ta-kwana, famfunan da ke sanyaya tukwanen nukiliya suka tsaya, makamashin tukwane uku ya narke, tururin nukiliya, wato wani haske da ido ba ya gani wanda ke iya cutar da jiki, ya bazu a yankin. Ga tambayoyin.

Wani malamin makaranta daga Katsina: Likita, mutum nawa tururin nukiliyar ya kashe? Na ji an ce dubbai ne.

Malam, dubban da ka ji ruwan tsunami ne ya ci su. A cikin mazauna yankin ba a samu ko mutum ɗaya da tururin ya kashe nan take ba, kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin illar tururin, a rahoton da ya fitar a 2021, ya ce bai ga wata cuta a jikin mazauna ba wadda za a jingina kai tsaye ga tururin.

Sai dai hatsarin ya yi kisa ta wata ƙofar, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai a matsayina na likita. An kwashe mutane fiye da 150,000 daga gidajensu. Cikinsu akwai tsofaffi da ke kwance a asibitoci da gidajen kula da dattawa, aka ɗora su a motocin bas cikin sanyin Maris, suka yi awoyi masu yawa a hanya babu ƙarin ruwa, babu magani, wasu babu ma'aikacin jinya a kusa. Gommai sun cika a hanya ko kwanaki kaɗan bayan isa. Daga baya aka shiga zaman gudun hijira na shekaru: mai hawan jini ya daina shan magani, mai ciwon suga ya rasa abincin da ya saba, manomin da ya rabu da gonar kakanninsa ya shiga ƙunci, wasu har suka kashe kansu. Hukumomin Japan sun ƙidaya irin waɗannan mace-mace fiye da 2,000 a jihar Fukushima kaɗai, adadin da ya zarce waɗanda girgizar da ruwan suka kashe a jihar. Duk wanda ya taɓa raka tsoho mara lafiya tafiyar awa biyu a mota ya san abin da nake nufi. Ni a ganina, da an bar marasa lafiyar da ke kwance a ɗakunansu, aka rufe tagogi, aka kai musu abinci da man janareta har a shirya jigilarsu a tsanake, da an tsirar da rayuka da dama.

Wani injiniyan lantarki daga Kaduna: Waɗanda suka shiga suka maido da wuta a tashar, yaya lafiyarsu ta kasance?

Injiniya, abokan sana'arka sun ga tashin hankali. Sun ja wayoyi cikin duhu da ɓaraguzai, har da batiran motoci suka cire don su iya karanta na'urorin awo, kuma sai da aka shafe kwana goma da wani abu kafin wutar waje ta kai ga dukkan tukwanen shida. A tashar Fukushima Daini da ke kusa, ma'aikata sun shimfiɗa waya mai tsawon kusan kilomita 9 da hannu, wannan ne ya hana ta bin sahun 'yar'uwarta.

Ana auna tururin da ya shiga jiki da ma'aunin milisibat. Ni da kai muna ɗaukar kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci, ba tare da mun je ko'ina ba. A lokacin hatsarin gwamnati ta ɗaga iyakar ma'aikacin gaggawa daga 100 zuwa 250, kuma mutum shida sun wuce wannan iyakar. Babu wanda ya kamu da ciwon tururi mai tsanani, irin wanda ya kama mutum 134 a hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Ukraine a 1986, inda 28 suka rasu cikin watanni. Amma wanda ya haura 100 haɗarin sankara yana ɗan ƙaruwa a kansa tsawon rayuwa, shi ya sa ake bibiyar su. A 2018 gwamnatin Japan ta amince ta biya diyya ga iyalan wani ma'aikaci da sankarar huhu ta kashe. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne zafi: mutum cikin rigar kariya da takunkumin fuska a tsakiyar bazara, da yawa zafin ne ya kayar da su.

Aikin kuma bai ƙare ba. An ƙiyasta narkakken makamashi tan 880 ne a cikin tukwanen, kuma sai a Nuwambar 2024 aka iya zaro ɗan abin da bai kai giram ɗaya ba don gwaji.

Wata uwa daga Zariya: Ɗana ya samu gurbin karatu a birnin Sendai. Hankalina bai kwanta ba, in bar shi ya tafi?

Hajiya, ki sa masa albarka ya tafi. Sendai na da nisan kusan kilomita 100 daga tashar, mutane fiye da miliyan ɗaya ke zaune a can da 'ya'yansu, kuma tururin da ke iskarta bai fi na sauran biranen duniya ba. Abin da zan so ya koya shi ne yadda ake fakewa idan ƙasa ta motsa, da hanyar tudu mafi kusa idan aka busa ƙahon tsunami. Ki kuma haɗa masa kayan sanyi masu kauri.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi: An ce suna zuba ruwan tashar a teku. Kifin gwangwani da muke sayarwa fa?

Alhaji, gaskiya ne, tun 24 ga Agustan 2023 aka fara. Ruwa ne fiye da tan miliyan ɗaya da aka tara a tankuna sama da dubu. Ana tace shi a cire yawancin sinadarai masu tururi, sai dai akwai wani da ake kira tiritiyom wanda ba ya tacuwa saboda ya zama ɓangaren ruwan kansa. Shi ake tsarmawa da ruwan teku har ya sauka ƙasa da bekarel 1,500 a lita (bekarel ma'aunin yawan tururin da abu ke fitarwa ne), alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha 10,000 ce. Tiritiyom ba ya daɗewa a jiki, cikin kwanaki kamar goma rabinsa ya fita ta fitsari da gumi. Masuntan Fukushima sun yi adawa da shirin, kuma ina ganin suna da hujja, domin ko kifi lafiya lau yake, tsoron mai saye kaɗai ya isa ya karya musu kasuwa. A gwangwanin da ke shagonka kuwa, duba ranar lalacewa, kuma kada ka sayar da wanda ya kumbura.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Gombe: Gishiri mai aidin yana kare mutum daga tururin?

A'a, 'yar'uwa, kuma don Allah ki yaɗa wannan. Asalin maganar shi ne, hatsari irin wannan yana fitar da wani nau'in aidin mai tururi, shi kuma ƙullutun gaban wuya, wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo, yana zuƙar aidin duk inda ya same shi. Idan aka ba mutum ƙwayar aidin ta musamman a kan lokaci, ƙullutun ya ƙoshi, sai ya ƙi ɗaukar mai cutarwar. Wuyan kaɗai ƙwayar ke karewa, ban da sauran jiki. Aidin ɗin da ke cikin gishiri kuwa kaɗan ne ƙwarai, kafin ki kai adadin ƙwaya ɗaya gishirin ya halaka ki. A 2011 mutane a China sun wawushe gishiri a kantuna saboda wannan jita-jitar, kamar yadda mu ma aka tashe mu da tsakar dare a 2014 aka ce a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola, har aka rasa rayuka.

A Chernobyl yara sun yi ta shan madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa, dubbai suka kamu da sankarar wuya daga baya. Japan ta hana sayar da madara da ganyayyakin yankin cikin kwanaki, kuma ƙarfin wannan aidin yana raguwa da rabi duk kwana 8. Daga baya an ɗauki hoton wuyan yara kusan 300,000, aka samu sankara a jikin wasu ɗaruruwa, amma yawancin masana na ganin tsananin binciken ne ya tono ƙananan ƙari waɗanda da ba za su taɓa damun mai su ba. An yi wa da yawa daga cikin yaran tiyata, kuma har yau likitocin can suna muhawara kan ko ya dace a ci gaba da gwajin a makarantu.