Ɗana mai shekara 16 yana son katin bashi na banki

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari da ke Kano ya rubuto cewa ɗansa mai shekara 16 yana taya shi tallar kaya a WhatsApp, kuma yaron ya matsa a nema masa katin bashi domin biyan kuɗin talla da sayayya ta intanet. Yana tambaya ko banki zai ba shi, idan kuwa ba zai ba shi ba, wace hanya ta rage.

Alhaji, Allah ya yi wa yaron albarka. Banki ba zai ba shi wannan kati da sunansa ba, domin katin bashi rance ne: kuɗin banki mutum yake kashewa, idan wa'adin biya ya wuce a ɗora masa ruwa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma banki ba ya ƙulla yarjejeniyar rance da wanda zai yi wuya a kama shi da ita a kotu. Ko a Amurka, inda katin ya zama ruwan dare, dokar 2009 ta hana a ba wanda bai kai shekara 21 ba, sai ya nuna hanyar samun kuɗinsa ko wani babba ya tsaya masa. Ga kuma batun riba, wato kuɗin ruwa, wanda na san ba ƙaramin abu ba ne a wurinka.

Buƙatar da ka bayyana ba ta rance ba ce, hanyar biya kawai yake nema. Bankuna irin su First Bank da UBA suna da asusun matasa 'yan shekara 13 zuwa 17, wanda uba ko waliyyi yake buɗewa da takardar haihuwar yaro da hotonsa da shaidar uban. Idan ka fi son bankin da ba ya mu'amala da ruwa, akwai Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ. Ka nemi a haɗa masa da katin cire kuɗi, wanda ba ya kashe abin da ya wuce wanda ka zuba, ka kuma sa saƙon shige da ficen kuɗi ya riƙa zuwa wayarka.

Kada ka miƙa masa katin asusun shagonka da lambar sirrinsa, ko da na yini ɗaya ne. Ba zargin yaron nake yi ba. 'Yan damfara suna farautar masu ƙarancin shekaru, kuma idan kuɗi suka salwanta bayan kai da kanka ka bayar da lambar, da wuya banki ya biya ka. Haka kuma ka ja masa kunne a kan manhajojin rance na waya, waɗanda hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta kai wa wasunsu samame a Legas a 2022, saboda tozarta mutanen da suke bi bashi ta hanyar aika saƙo ga 'yan uwansu da abokansu.

Idan kuwa so kake ya koyi riƙon bashi, wanda ɗan kasuwa ba ya rabuwa da shi, to a hannunka ya fi dacewa ya koya. Ka ɗebar masa turmi biyar na atamfa a kan farashin sari, ku rubuta a littafi, ku sa ranar biya. Ya sayar, ya dawo maka da uwar kuɗi, ribar ta shiga asusunsa. Idan ya cika alkawari sau uku a jere ka ƙara masa zuwa turmi goma, idan ya saɓa ka rage, kamar yadda dilolinka suke yi maka. Ranar da ya cika shekara 18, sai ku je banki tare a mayar da asusun na manya.