Tambaya da Amsa: Yadda za a kare ƙasan jirgin shaƙatawa ba tare da zuba guba a ruwa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa wanda nake ɗaurewa a tasha, kuma duk bayan wata biyu sai in tarar gansakuka da wasu halittu masu ɓawo sun mamaye ƙasansa, har gudunsa ya ragu, shan mansa ya ƙaru. An ba ni shawarar in shafa fenti mai kashe su, amma ina tsoron illarsa ga kifaye. Shin akwai wata hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron naka yana da tushe. A ƙarshen shekarun 1970 fenti mai sinadarin TBT, wata guba mai kashe halittun ruwa, ya durƙusar da kiwon kawa (halittar ruwa mai ɓawo da ake ci) a gaɓar Arkashon ta ƙasar Faransa, abin da ya sa gwamnati ta haramta shi a 1982 ga jiragen da ba su kai mita 25 ba, sannan yarjejeniyar Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ta hana shi baki ɗaya daga 2008. Fentin da ya maye gurbinsa galibi na jan ƙarfe ne, wanda ke tsatsafowa a hankali, ya taru a cikin taɓon tashoshin da ruwansu ba ya gudana sosai.

A ganina, maganin da ya fi kowanne shi ne jirgin ya rage kwana a ruwa. Idan zai hau tirela, ko kuma tashar tana da na'urar ɗaga jirage, fitar da shi bayan kowace fita, domin 'ya'yan waɗannan halittu ba sa jure bushewa. Idan kuwa dole ya zauna a ruwa, to sai a riga su. Abin da ke fara kamawa wani yauƙi ne mai santsi, wanda za ka ji da tafin hannu kafin ido ya gan shi, kuma a kansa ne sauran ke samun wurin zama. Halitta mai ɓawon da ake kira banakul, tana ƙarama kamar ƙwayar yashi, soso ko burushi mai laushi ya isa ya share ta. Idan aka bari ta yi makonni ta kafe, sai an kankare da ƙarfe, wani lokaci har da fatar jirgin.

Akwai kuma shafin silikon, wanda ba kashewa yake yi ba, santsinsa ne ke hana su riƙewa, su zube idan jirgin ya ɗauki gudu. Yana da tsada, yana saurin karcewa, kuma bai cika amfanar jirgin da ke yawan zama wuri ɗaya ba. Na'urar da ke aika sautin da kunnen mutum ba ya ji cikin jikin jirgi tana taimakawa, sai dai ba ta aiki da kyau a jirgin katako, kuma ba zan dogara da ita kaɗai ba.

Ranar da za ka cire tsohon fenti, ka yi aikin a tudu, ka shimfiɗa tamfol a ƙasa, ka tattara ɓarɓashin ka kai inda ake karɓar shara mai guba. Haka nan kafin ka kai jirgin wani tafki ko kogi, ka wanke shi, ka tsiyaye ruwan cikinsa, ka bar shi ya bushe, domin ta jikin ƙananan jirage ne wasu baƙin halittu suka bazu daga tafki zuwa tafki a Arewacin Amurka.